Kejin da Baba ya yi wa na'urar jirginsa

Babana bai taɓa yarda da kowa ba, kuma ba ya jin kunyar faɗa. In ka gaishe shi da fara'a sai ya shafa aljihunsa. Tun yana saurayi yake jigilar mutane da kaya a kan ruwa, daga kwalekwalen haya har ya mallaki jirgi mai inji, kuma a duk tsawon shekarun nan makullin tankin mai a wuyansa yake kwana. Da idonsa ya fara rauni sai ya bar wa Kawu tuƙi, shi ya koma gefe yana sa ido. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, a gidanmu ya tashi, ya san ruwan nan kamar tsakar gida. Shi kaɗai Baba ya ɗan saki jiki da shi.

Da abokan sana'a suka fara sa na'urar GPS mai haɗe da kamfas, wadda ke nuna inda goshin jirgi ya dosa, Baba ya ce ba za a bar shi a baya ba. Mai gyara ya zo ya kafa ta a kan rufin jirgi, nesa da inji, ya ja waya zuwa allon da ke gaban matuƙi. Sannan ya ce a fita tsakiyar ruwa a yi ta kewayawa a hankali, sai na'urar ta kammala saiti. Kawu ya yi ta juya jirgi kamar mai neman abin da ya faɗi, mutanen gaɓa suna dariya, Baba kuwa yana huci wai an haɗa baki ana ƙone masa mai.

Da aka gama mai gyara ya yi masa bayani: na'urar da maganaɗisu take aiki, yanzu ta saba da ƙarfen jirgin, kada a ƙara mata wani a kusa. Baba bai ji ko kalma ɗaya ba. Hankalinsa na kan jakar mutumin, kada ya jefa sifanar jirgin a ciki.

Washegari ya kira mai walda. Abu mai tsada haka a fili, kowa na gani? Aka yi mata keji na rodi, aka rataya ƙaton kwaɗo. Daga ranar kibiyar da ke kan allo ta fara karkacewa. Kawu na dosar mashigi, ita tana nuna gefe.

"Yaya, tun da aka sa kejin nan abin nan yake ƙarya," in ji Kawu. "A cire mu gani."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "A cire, ko? Wa kake so ya samu hanyar taɓa ta?"

Shi ke nan, zargi ya samu wurin zama. A gida ya ce wa Mama ƙanenta ne ke yi wa na'urar wasa da waya, don yana tsoron na'urar ta raba shi da aiki. Mama ta ce ya ji tsoron Allah. Ya ce ai dole ta kare shi.

Wata rana ruwan sama ya rufe gaɓa, jirgi cike da fasinja. Kawu ya bi hanyar da ya sani. Baba ya manna fuska a allo, ya ce a bi kibiya. Suka yi ta ja-in-ja har Baba ya ture shi ya karɓi tuƙin. Ba a jima ba jirgin ya hau tudun yashi, mata na salati, kaya na zubewa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. A nan, gaban mutane, Baba ya nuna Kawu ya ce ga wanda ya lalata masa na'ura. Kawu ya taimaka aka sauke kowa, ya dawo gida ya kwashe kayansa. Ban taɓa ganin Mama ta yi kuka irin na ranar ba.

Da mai gyara ya dawo, Baba ya tafi da ni in riƙa duba masa allo, kada a cuce shi. Mutumin na hango kejin ya riƙe kai. Ya karɓi makulli, ya buɗe kwaɗon, ya ɗaga kejin ya ajiye can gefe. Kibiyar ta juyo ta miƙe. Ya mayar, ta karkace. Baba ya ce shi zai yi da hannunsa. Ya ɗaga, ya mayar, ya sake ɗagawa, ina gaya masa abin da nake gani. Sai tausayinsa ya kama ni.

Muka kama hanyar gida. Ni kuwa ina ta shirya yadda zan raka Baba neman gafara wurin Kawu, wanda ya riga ya fara tuƙa jirgin wani. Da muka zo kwanar da ke zuwa can na rage tafiya. Baba ma ya tsaya, ya daɗe yana kallon layin. Sai ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Ke, faɗa mini gaskiya. Kin taɓa ganin mai gyaran nan da Kawunki suna magana?"

Na kau da kai don haushi. Ya jira kaɗan, ya gyaɗa kai kamar na ce masa e, ya miƙe hanyar gida.