La'asar Ɗin Kakana

Jiya ɗiyata tana bitar darasin tarihi, ta karanto labarin wani Bature da ya fara daga Di'o har ya zama Razdan, wai mai son talakawa ne. Na ajiye tsintsiya, marigayi kakana ya faɗo mini a rai.

Tsohon nan sauri yake yi a sallar la'asar kamar ana korarsa, mu jikoki muna ta yi masa dariya. Wata rana a Kurfi ina shafa masa man kaɗanya a baya, yatsuna suka bi ta kan wasu tabbai masu tudu.

Na ce, "Angona, wace ce ta yakushe ka haka?"

Ya ce, "Amarya, Di'o ne. Muna dakon kayansa a rangadi, hanyar Barkiya, na sauke bahon wankansa na ta da la'asar. Raka'a biyu na yi, ya sa ɗan doka ya rufe ni da bulala. Shi yana bisa doki yana kallo."

"Ka ƙarasa sallar?"

"Sumewa na yi."

Ya Allah, ka cika masa biyun da suka rage, ka kwantar da shi inda ba mai yi masa tsawa.