Babur ɗin da ɗana yake turawa

Kaka ce, irin ta ƙasar nan, wadda ba girbi a cikinta sai zubar ganye. Shekarar da aka buɗe gari ce bayan kullen korona, kowa yana tafiya kamar wanda ya tashi daga doguwar jinya, yana taka ƙasa yana sauraron jikinsa. Mun rasa mutane a shekarar, nan da gida, waɗanda suka rage kuwa sai nake ganin kamar aronsu aka ba ni. A Abbey Wood inda muke zaune, itatuwa sun yi ja, sun yi ruwan ɗorawa, ni kuma nakan tsaya a tagar kicin ina kallonsu har shayina ya huce.

Daga wannan taga ake hango jerin garejin da ke bayan gidajenmu. Na ƙarshe na wani dattijon Bature ne, maƙwabcinmu, wanda ya yi ritaya daga gyaran injin bas. A can ɗana na fari ya tare tun lokacin kulle. Shi aikinsa gyaran lif ne, na'urar nan mai hawa da mutane bene, ya haura talatin, bai yi aure ba tukuna. Shi da dattijon suka samo wani mataccen babur ƙirar Ingila, wanda aka ce ya girme ni. A kwalaye aka kawo shi, kamar kayan gwangwan. Na ga tankin da idona, tsatsa ta cinye shi har ana hango haske ta ƙasansa.

Kayan suka riƙa biyo shi har cikin gida. Na taɓa buɗe tsohuwar tukunyar miyata na tarar da kafireta a jiƙe a ciki. Wayoyin taya kuwa a falo ya zauna ya ɗaura su, yana kaɗa kowacce da sufana yana kasa kunne kamar mai gyara tsirkiyar garaya, wai sai duk sun yi murya ɗaya tayar za ta miƙe. Ƙanwarsa, wadda a nan aka haife ta, tana jin Hausa amma da Turanci take ramawa, takan ce masa ya auri babur ɗin kowa ya huta.

Ni kuwa akwai magana tsakanina da shi. Yana yaro muka je Kano hutu, mahaifinsu ya ari babur ɗin ƙaninsa zai kai saƙo, babbar mota ta haɗa da shi a hanyar Zariya. Ana cikin zaman makoki na leƙo tsakar gida, sai ga yaron a kan babur ɗin wani mai ta'aziyya, ya riƙe kan yana yin kukan inji da baki. A gaban mutane na ce masa, "In ka ƙara hawa babur, ban yafe maka ba." Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san nauyin wannan kalma in ta fito daga bakin uwa. Muka dawo London da ita, ba mu sake tayar da ita ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kira, balle in zaunar da shi mu yi ta tone-tone.

Ranar da injin ya fara tashi ina wanke-wanke. Na ji shi ta taga, dum, dum, dum, na ji ihun dattijon, na zauna a kan kujera hannuna duk kumfa. A raina na gama yanke cewa yana hawa a ɓoye. Wa zai yi wata da watanni yana rainon abu, sannan bai ɗana ba? Kuma tsoron da nake ji ba na babur kaɗai ba ne, har da na bakina, kada ya kama ɗan da na haifa.

Wata Juma'a da yamma ya zo ya tsuguna gefen kujerata.

"Umma, ran Lahadi akwai trial a Kent. Ina so ki zo."

Karatuna na yaƙi da jahilci ne, Turanci kuwa a ajin manya na Whitechapel na tsince shi, kuma a can malamarmu ta koya mana cewa trial shari'a ce, har da hoton alƙali mai farin gashin aro.

"Innalillahi. Me ka yi? Wace kotu ce take zama ran Lahadi?"

Ƙanwarsa ta kife a kan kujera don dariya. "Guilty, Yaya! An same ka da laifi! Na faɗa maka."

"Ke, rufe mana baki," in ji shi, shi ma yana danne tasa. "Gwaji ne, Umma. Gwajin tsofaffin babura a daji. Dattijo ne zai hau namu. Hawansa na ƙarshe ke nan, gwiwarsa ta ƙi, kuma zai koma wurin 'yarsa a bakin teku."

"Kai fa?"

"Ni ɗan rakiya ne."

Ban yarda ba, amma ban faɗa ba. Na ce Allah ya kai mu.

Wurin wani tsohon rami ne babba da aka taɓa haƙar farar ƙasa a cikinsa, daji ya mayar da shi nasa. Taɓo, saiwoyi, duwatsu masu gansakuka, da ɗan rafi a ƙasa. Na zo da shirin toshe kunne da rufe ido, don ni a sanina babur gudu ne da ƙara da iska. Sai na tarar da mutane suna shan shayi a bayan motocinsu, yawancinsu masu furfura, har da wata mata da ba za ta rasa kai shekaruna ba, tana ɗaure hular kwano a ƙarƙashin haɓa. Baburan ba fitila, ba madubi, sirdin ɗan mitsitsi kamar faifai. Ɗana ya ce ai ba a zama, a tsaye ake tuƙawa.

Ashe dai akwai alƙalai, sai dai ba gashin aro, rigar ruwa suke sanye da ita. An kafa ƙananan tutoci ja da shuɗi, sun shata wata siririyar hanya da ta bi ta cikin rafin, ta haye saiwoyi, ta murɗe a jikin itace, ta hau gangare. Kowace irin wannan hanya da alƙalinta. Ba a tsere, ba wanda yake duba agogo. Abu ɗaya ake ƙirgawa, sau nawa ƙafarka ta taɓa ƙasa. Wanda ya fi kowa ƙarancin sa ƙafa shi ya ci.

Kafin kowa ya hau, sai ya ajiye babur ya bi hanyar da ƙafa. Na ga ɗana da dattijon suna tafe hannu a baya, suna duban ƙasa kamar manoman da suke zagaya gona kafin shuka. Ɗana ya taka wani dutse ya ga yana motsi, ya nuna masa, ya nuna wani a gefensa. Dattijon ya gyaɗa kai. A gida da ƙyar yake hawa matakala, yana dafa bango yana nishi.

Ya buga kik, ya miƙe a kan matakan ƙafa, sai ya zama wani mutum. Injin yana bugawa ɗai-ɗai kamar mace ɗaya tana daka ba ta sauri. Ya gangara cikin rafin a hankali, wallahi da ina gefensa da na riga shi da tafiyata ta zuwa kasuwa. Tayar baya tana lanƙwashewa a kan kowane dutse tana rungume shi. Da ya iso saiwoyin, sai ya tsaya cak. Ƙafafunsa biyu a sama, ba abin da ya tokare shi, babur mai ƙafa biyu yana tsaye a kan saiwa mai santsi, shi kuma yana ɗan motsa ƙugu, yana ɗan kaɗa kan babur ɗin hagu da dama. Dajin ya yi tsit, har ɗigar ruwa daga ganye ake ji. Na tuna matan ƙauyenmu in suna hawowa daga rafi da tulu a ka, yadda wuya yake yin lissafin da baki ba zai iya faɗa ba. Sannan injin ya ɗan ɗaga murya, tayar gaba ta tashi kamar akuya za ta kamo ganye, ta sauka daidai kan dutsen da ɗana ya nuna, babur ya haye gangaren ya tsaya a sama.

"Subhanallahi," na ji bakina yana faɗa. Na maimaita ban san iyaka ba. Wannan fa tankin nan ne da na hango haske ta ƙasansa. Wannan kafiretar ce ta kwana a tukunyata. Ƙarfen da na ɗauka kabarinsa ya rage, ga shi yana numfashi a ƙarƙashin tsoho, yana jin maganarsa tun kafin ya faɗa. Na dubi ɗana. Yana tsaye a bakin tutoci, ƙugunsa yana motsi tare da na dattijon, yatsunsa suna matse iska.

Haka muka bi su hanya bayan hanya. Wasu suna faɗuwa cikin taɓo, a yi dariya, a ɗaga su. Matar nan mai furfura ta sa ƙafa sau ɗaya a rafi ta yi tsaki da ƙarfi, irin tsakin da ban san Turawa sun iya ba.

Bayan azahar gwiwar ta ce ta gaji. A can ƙasan ramin dattijon ya tsaya, ya jingina babur da itace, ya kasa ko ɗaga ƙafa. Ɗana da wani mutum suka tallafo shi har sama, suka zaunar da shi a kan gungumen da nake zaune. Saura babur. Hanyar fitowa doguwa ce, hawa ce, kuma tayoyi sun markaɗe ta ta zama kamar kunu. Ɗana ya koma ƙasa. Daga inda yake ba ya ganina, ganye ya kare ni. Na ji wasu suna kiransa da Turanci, suna ce masa ya hau mana ya kawo shi, minti nawa ne. Ya ɗaga musu hannu yana murmushi, ya kama kan babur ɗin, ya sa kafaɗa, ya fara turawa.

Na juya wajen dattijon, na haɗa ɗan Turancina. "Me ya sa ba zai hau ba?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunana. A hankali ya yi maganar don in gane.

"Mama, ke za ki tambaye ni? Babu kusa ɗaya a jikin babur ɗin nan da ba shi ya ɗaura ba, amma ko zama bai taɓa yi a kai ba. In za a gwada birki sai ya je ya taso ni, ko ina cin abinci. Na ce masa tsoro kake ji? Ya ce a'a, uwata ta yi magana. Na ce yaushe? Ya ce yana yaro. Na ce wace irin magana ce wannan da ba ta ruɓewa?"

"In ka tafi, wa zai hau?"

"Ya ce zai ba wani a cikin mutanen nan, don kada ya sake yin tsatsa."

A ƙasa ɗana ya zame ya dira gwiwa cikin taɓo, bai saki babur ɗin ba. Ya tashi, ya gyara tsayuwa, ya ci gaba. Ba wanda yake ƙirga masa komai. Na yi ta kallonsa har ya iso, numfashinsa yana tururi, taɓo har ƙirji. Ya ce, "Umma, sanyi bai dame ki ba?" Na ce a'a. Na kawar da kai ina gyara mayafi.

Muka kamo hanyar gida a mota. Tunani nake yi. Abin da ya ɗauke mini mijina titi ne da gudu da babbar mota, wannan kuwa hawainiya ma za ta iya jerawa da shi. Amma ni babur na ce, ban ware ba, shi ma bai nemi ƙofar da zai zille ta ciki ba. Kalmar da na jefa cikin kuka, shi ya ɗauka ya goya ta har ya girma da ita. Ba kuma wanda zai sauke masa ita sai ni.

Washegari bayan sallar asuba na ji ya fita. Da gari ya ɗan waye na sa rigar sanyi a kan zanena na sauka. Ban taɓa taka garejin ba sai ranar. Na same shi a tsugune da bokiti, yana wanke taɓon jiya daga jikin sarƙa kafin ya tafi aiki. Ya miƙe da sauri.

"Umma, lafiya?"

"Lafiya lau. Fito da shi."

Ya turo shi waje. Na zagaya gaba na kama kan babur ɗin da hannu biyu. Ya fi yadda na zata nauyi, kuma sanyinsa har ƙashi.

"Maganar nan da na yi a Kano," na ce, ina kallon taya don ban iya kallonsa ba, "na janye ta. Na yafe maka, duniya da lahira. A daji kawai, ka ji ko? Titi ban da shi."

Ya tsaya yana kallona, soso yana ɗiga a hannunsa.

"Hau mana, kai nake jira. Hannuna ya fara sagewa."

Ya yi bisimilla, ya goge tafinsa a wando, ya ɗaga ƙafa. Na tokare tayar gaba da gwiwoyina, na riƙe masa kan da duk ƙarfina har ya miƙe tsaye a kai.