Ranar da Aka Cire Ɗanmu Daga Gasar Iyo

Ni na tara mutanen, ba zan ɗora wa kowa ba. Tun da ɗan yayata ya kai zagayen ƙarshe a gasar iyo ta kwalejoji nake bin kasuwar shanu ta Bawku ina shela, har na cika bas guda da mutanen da rabinsu ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Ni ma ina cikin wannan rabin, amma a baki ba wanda ya kai ni iya iyo.

A Yendi aka yi gasar, garin da yake karatu, a tafkin wani otal. Shekararsa ta ƙarshe ce, in kofin nan ya wuce shi ya wuce ke nan. Gasar kuma ta faɗo cikin azumi, ana rana kamar a soya ƙwai a ƙasa. Kafin mu kai Nalerigu wani dattijo ya tuna mana cewa matafiyi yana da rangwamen ajiye azumi. Ban taɓa ganin fatawar da aka karɓa da sauri haka ba. Muka isa da jaka biyu ta piya wata, wato ruwan leda, da shinkafa da wake a ganye.

Aka jera masu iyo, layin ɗanmu babu kowa. Can na hango shi a benci da tawul a ka. Na nufi kocinsu, wani siririn mutumin Salaga da ya tashi cikin masunta.

"Malam, ina ɗanmu?"

"Alhaji, ni na cire shi. Da safe ya gwada ruwa, ya fito ƙafa na rawa, ido ya juye."

"To a ba shi ruwa mana. Ai akwai rangwame."

"Ku ne matafiya. Shi nan yake kwana, nan yake tashi. Na ce ya sha, ya ce a'a. Ni kuma ba na sa mai jiri cikin ruwa. Mutum biyu na taɓa cirowa a kogi, dukansu sun fi ɗanka iya ruwa."

Na faɗa masa maganganu. Na kira shi matsoraci, na ce ya kashe wa yaro shekara uku na wahala. Gaskiyar ita ce abin da ke cina daban ne: da wace fuska zan koma kasuwa? Ya saurare ni har na gaji, ya juya wajen sauran ɗalibansa.

Aka busa usur, aka gama kafin in koma mazaunina. Mutanena suka tafa wa ɗan wani garin, baki cike da wake.

Na je wajen ɗan yayata da sauran faɗa a bakina. Ya ɗago. Leɓɓansa sun tsage, idonsa ya yi ja, na san ya yi kuka a ƙarƙashin tawul ɗin. Sai a lokacin na ga ledar ruwan da ke hannuna, na sha rabi. Na mayar da ita bayana, kunya ta rufe ni.

Ya ce, "Kawu, ku yi haƙuri, na sa kun yi tafiyar banza. Sha ruwanka, kai matafiyi ne."

Da wannan rabin ledar na koma Bawku.