Tarwaɗa Mai Lamba a Ƙofar Dagaci

Cikin shekarun da na yi ina aikin kifi a ƙasar Daura, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da aka kira ni ƙofar dagaci in yi bayani a kan tarwaɗa. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun tarar mutane sun saba da mu, don haka bari in ba ku labarin yadda aka faro.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a jiharmu ba. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a sashen kula da kifi, irin waɗanda ake kira teknishiyan. Ga wanda bai san tsarin ba, jami'i yana ofis yana tsara abin da za a bincika, mu kuma muna bakin ruwa. Ni an tura ni wani dam da ke tsakanin Daura da Mai'adua. Kullum in masunta sun fito, sai in duba abin da suka kamo, in ware karfasa daban, tarwaɗa daban, in auna tsawo da nauyi, in buɗe cikin wasu in ga ko da ƙwai. Da haka ake gane ko kifin ruwa yana ƙaruwa ko yana raguwa.

To, tarwaɗa dai raguwa take yi, damina bayan damina. Maigidana, Alhaji Lawal, jami'in shiyya, ya ce laifin koma mai ƙananan ido ne, wadda take kwashe har 'ya'yan kifi. Sarkin Ruwa Ɗan'azumi, shugaban masuntan dam ɗin, ya rantse sun daina amfani da ita, ya ce shi takin zamanin da ruwa ke wankowa daga gonaki yake zargi. Abu ɗaya kowa ya yarda da shi: in ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, tarwaɗa takan bar dam ta haura rafuka, ta zuba ƙwai cikin ciyawar da ruwa ya shanye, sannan ta dawo. Amma wane rafi take bi, ina take tsayawa, nawa ke dawowa, babu wanda ya sani. Ni kuwa tambayar nan ta hana ni sakat.

Sai Alhaji Lawal ya samo mana alamomi. 'Yar roba ce ruwan ɗorawa, tsawon tsinken ashana, da lamba a jikinta. Ana kama kifi da ransa, a auna shi, a maƙala masa ita a gindin fiffiken baya da wata allura, a sake shi. Duk inda aka sake kama shi, lambar za ta nuna wane ne. Kafin damina ta faɗi, ni da masunta muka yi wa tarwaɗa masu yawa haka.

Masunta sun san zancen, amma mutanen gari ba su sani ba. Wata ranar kasuwa a Mai'adua, wani mai suyar kifi ya ci karo da alamar yana wanke tarwaɗa. Kun san yadda zamanin yake, ana ta ƙananan maganganu a kan allurar rigakafi, kowa yana ɗari-ɗari da duk abin da bai san asalinsa ba. Kafin la'asar labari ya zama iri-iri. Wasu suka ce laya ce aka yi wa ruwa, wasu suka ce maganin hana haihuwa ne ake ɗura wa kifi. Kasuwa ta gaba, ba wanda ya taya kifin dam ɗinmu. Har karfasa, da ba ruwanta, sai da ta ruɓe a kwando.

Sarkin Ruwa ya same ni ƙarƙashin bishiyar da nake awo. Bai ko zauna ba. Ya ce, "Malam Isiyaku, ka kashe mana kasuwa. Yaranmu me za su ci?"

Washegari dagaci ya aiko kirana. Na garzaya wurin Alhaji Lawal, ya ce, "Kada ka tafi da takarda, ba za ta yi maka magana ba. Tafi da kifi." Na ɗauki bokiti da tarwaɗa mai rai, da allurar, da sauran alamomi.

Ƙofar gidan ta cika. A gefen dagaci akwai Malam Habibu, shugaban 'yan hisba na yankin, dattijo ne mai koyarwa a islamiyya. Da na gan shi, na ɗauka hukunci aka riga aka yanke. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ga ni." Dagaci ya nuna Malam, ya ce shi zai tambaye ni.

Malam Habibu ya karɓi alama ɗaya, ya juya ta, ya shinshina. Ya sa aka kawo reza ya tsaga ta gida biyu, ya ɗaga wa jama'a. Roba ce zalla. Ya ce, "Yi a gabanmu mu gani." Na ciro kifin na maƙala masa, na mayar da shi bokiti, ya ci gaba da iyo.

"Yana jin zafi?"

"Allah gafarta Malam, yana ji kaɗan, kamar hujin kunne. Yana warkewa."

"Me kake nema da har za ka huda kunnen tarwaɗa?"

Aka yi dariya, wuri ya ɗan saki. Na gaya masa yadda suke fita da ruwan farko, da yadda suke raguwa.

"Wato kai ma ba ka san inda suke zuwa ba?"

"Wallahi ban sani ba."

Ya leƙa bokitin. Can ya ce, "Shekara da shekaru ina cin tarwaɗa, ban taɓa sanin tana tafiya ba. Yanzu ni ma ina son in sani."

Nan take ya sa aka cire alamar, aka soya kifin a cikin gida, shi da dagaci suka ci a idon kowa. Ranar Juma'a bayan an idar da salla, ya miƙe ya yi bayani, ya roƙi duk wanda ya tsinci alama ya kawo, ya kuma faɗi inda ya samo ta. Kasuwa ba ta dawo rana ɗaya ba, amma ta dawo.

Da damina ta ja baya, alamomi suka fara zuwa. Abin mamaki, yawancinsu wuri ɗaya suka fito, wata fadama da ke arewa da dam, ta wajen hanyar Kongolam. Manoman wurin suka ce da hannu suke kama kifin. Na shirya zuwa da Sarkin Ruwa, sai ga Malam Habibu ya aiko cewa kada a tafi ba shi. Haka na goya shi a babur, yana riƙe da rawaninsa.

Muna isa muka ga abin da ake ciki. Wani ɗan kwangila ya yi hanyar burji ta ratsa rafin, ya sa kwalbati, amma ƙasan kwalbatin ya fi fadamar tudu. In ruwa ya cika, kifi yana wucewa ta ciki ya haura. In ruwa ya ja, hanyar komawa ta yanke, fadamar ta zama tafki mai ƙafewa. Na tsoma ƙaramar raga a gefe, na ɗago ta baƙi ƙirin da 'ya'yan tarwaɗa, kowanne kamar ɗan yatsa. Ga iyayen can tsakiya suna ta fitowa shan iska, balbelu sun kewaye wurin suna jira.

Sarkin Ruwa ya tsuguna ya riƙe baki. Ya ce, "Ashe nan kifinmu ke ƙarewa." Ba koma ba ce, ba taki ba ne. Dukanmu babu wanda ya canka.

Gyaran kwalbati ba hurumina ba ne. Ƙa'ida ita ce in rubuta rahoto ga jami'in shiyya, shi kuma ya kai wa sashen ayyuka, kuma na yi. Amma tafkin ba zai jira takarda ba. Dagaci ya kira gayya. Masunta suka zo da komarsu, manoma suka kawo amalanke, muka cika durom-durom da ruwa muna kwashe 'ya'yan kifi muna tsallakar da su hanya zuwa inda rafin ke gudu. Manoman fadama suka nuna damuwa cewa za a raba su da kifin da suka saba samu, sai aka daidaita a bar musu wani kaso na manyan. Malam Habibu ya naɗe wando har gwiwa, ya shiga taɓo da ƙwarya, yana ɗiba yana tambayata yaushe waɗannan za su kai girman yin ƙwai. Ba mu ceci duka ba, da yawa sun mutu a hanya saboda zafin rana. Kafin damina ta zagayo, Alhaji Lawal ya yi ta sintiri har aka zo aka sauke kwalbatin. Sai da aka ƙara damina biyu kafin na fara ganin bambanci a kan sikelina.

Abin da na koya shi ne, ma'aikacin kifi ido biyu gare shi, ruwa kuwa yana ratsa gonar kowa. In mutane ba su san abin da kake nema ba, za su ƙirƙiro maka dalili da kansu, kuma ba mai daɗi ba. In sun sani, sai su zama idanunka. Don haka in an tura ku sabon ruwa, kafin ku jiƙa raga ku fara zuwa ƙofar dagaci da masallaci da rumfar masu suya. Kuma in aka tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. Ni dai wannan amsar ce ta fitar da ni, ta kuma samo mini abokin bincike mai rawani.