Yadda Ladabi Ya Kusa Cinye Geron Yayana

Talata: Damagaram zuwa Belbeji

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fita daga gida, jaka a kafaɗa, takardar shaidata naɗe cikin leda don kada zufa ta taɓa ta. Yaya Ari ne ya bugo waya daga ƙauyenmu, arewa da Belbeji. Bana ruwa ya makara, shuka ta makara, geronsa na bukatar kwana goma kafin a yanka. Su kuwa Fulanin Arɗo Jaɓɓo, da suka saba saukowa sai an kwashe amfani, sun riga sun iso, don ciyawar arewacin Tanout ta ƙone tun da wuri. Shanu na bakin gona. Gonar nan ita ke ciyar da gidan Yaya da tsohuwarmu, Iya Falmata, shekara guda cur.

"Saniya ɗaya ta sa ƙafa," in ji Yaya, "wallahi sai an ji labari a rediyo."

Ni kuwa na ga ranata ta zo. Watan da ya wuce na zauna ateliye, wato taron ƙara wa juna sani, na kwana uku a kan canjin yanayi da zaman lafiya. An nuna mana yadda ƙasashe ke ɗaga wa juna murya a kan kogi da wurin kiwo, da yadda jakadu ke sasantawa: a girmama abokin magana, a tausasa murya, kada a tsokane shi. Na rubuta duka a shafi huɗu, aka kuma ba ni takardar shaida. Matata Zara, mai kirana Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko, ta dubi ledar ta ce, "Mushe, ƙauye za ka ko majalisar duniya?" Na ce mata sulhu ilimi ne, ba kowa Allah ya ba ba.

Motar ba ta bar tasha ba sai bakwai saura. An tsara ta don mutum goma sha tara, mu ashirin da uku ne ban da buhunan albasa. A bariyer, shingen fita gari, jandarma ya karɓi katin shaidata ya tambayi sana'a. Na ce tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, yanzu mai sulhu. Ya ce, "To, Mushe, fara da matan nan biyu na baya, tun ɗazu suke faɗa a kan taga."

Daga Bakin Birji zuwa gaba gonaki sun rikice: nan an yanka an ɗaure, can gero na tsaye shar, gaba kaɗan ya bushe bai fid da kai ba. Ilu direba ya nuna da haɓa ya ce, "Da, da wata muke sanin damina. Yanzu sai ta zo ta wuce muna tambayar wace ce."

Goma saura muka sauka Sabon Kafi, muka bar guduro, wato kwalta. Na ci ƙosai da koko, na hau bayan Toyota, kuɗin mota jikka biyu da rabi. Hanyar Belbeji ta girgiza min duk abin da na haddace, sai da na sake duba takarda. Bayan azahar muka isa, kabu-kabu ya ƙarasa da ni kilomita goma sha biyu. Na tarar da Yaya Ari zaune bakin gona da gatari a kan cinya. Da na leƙa bayan geza, na ga ƙahoni ba iyaka.

Laraba da safe: Ruga

Ƙarfe takwas na sa babbar riga na nufi rugar, tafiyar minti ashirin a ƙasa. Arɗo Jaɓɓo tsoho ne dogo, abokin marigayi babanmu. Yana hango ni ya washe baki ya miƙe, ya sa a kawo nono.

Tun daga nesa na cire takalmi. Na durƙusa. Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin Arɗo. Na zo cikin girmamawa domin mu tattauna."

Murmushin ya ɗauke. Ya dube ni, ya dubi ledar. Matar da ta taho da ƙwaryar nono ta tsaya, ta juya da abarta. Na zaci kunya ce irin ta Fulani, sai na ƙara ladabi. Na buɗe takarda na karanto masa cewa dukkan ɓangarori suna da haƙƙi, kuma muna mutunta matsayinsa. Duk lokacin da na ce "ranka ya daɗe", sai wani daga cikin 'ya'yansa ya matso da sanda. Na faɗa sau biyar. Sanduna biyar.

Arɗo ya ce, "Mun ji."

Na dawo ina jin daɗi. Na gaya wa Yaya an kammala zagaye na farko cikin natsuwa.

Iya Falmata na tsintar wake a gindin bishiyar bedi. Ta ce, "Me ka ce masa?"

"Na ce ranka ya daɗe."

"Sai kuma ka zage shi?"

"Haba Iya, zagi a wurin sulhu?"

Ta ajiye faifan. "Innalillahi. Yaro, kai Babarbare ne ko ba Babarbare ba? Ubanku shekara arba'in bai taɓa gaida Jaɓɓo ba sai da zagi. Rana ɗaya tak ya ce masa ranka ya daɗe, ranar da suka yi faɗa na gaske, wata uku ba su magana. Ka je masa da ladabi, ga takarda a hannu? Ai ka gaya masa zumunci ya ƙare, sammaci na tafe."

Sai a lokacin na tuna. Mu Barebari da Fulani abokan wasa ne, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Na koyar da wannan a aji shekara da shekaru. Kwana uku na ateliye da abincin rana mai kaza suka share min shi.

Laraba da la'asar: Ruga kuma

Iya ta ce a ɗaura jaki. Muka ɗora ta a amalanke, Yaya na kora, gatarin ta sa ya bari a gida. Kafin mu isa na ga mutanen rugar sun ninka. An kira dangi daga maƙwabta, kowa da sanda.

Tun amalanken bai tsaya ba Iya ta ɗaga murya. "Ina bawan mijina? Ina mai ƙafa kamar karan dawa? Ka ji ubangidanka ya mutu shi ne ka kawo ƙasusuwan shanunka bakin gonata?"

Na fara neman hanyar gudu.

Sai Arɗo ya fashe da dariya har rawaninsa ya kwance. "Falmata! Baiwar gidanmu! Har yanzu zanen fuskar nan bai goge ba? Kaza ce ta taka ki kina jaririya, kuke cewa ado." Sanduna suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Nonon da aka mayar da safe ya dawo, har da fura.

Ya nuna ni da baki. "Wannan fa ɗanki ne? Ya zo ya durƙusa min kamar perefe ya aiko shi daga ofishin gwamnati. Na ce shi ke nan, gobe jandarma."

"Lakwal ce ta lalata shi," in ji Iya.

Bayan an sha an yi dariya, sai muryar Arɗo ta sauka. Ya ce tafkin da ke kai su har lokacin sanyi bana ya ƙafe kafin ƙarshen damina. Shanu tara ya bari a hanya. Kudu kuma, bayan iyaka, inda suke cin rani tun zamanin kakansa, yanzu daji ba ya shiguwa, ga takardu kala-kala. "Arewa ta kore ni, kudu ta rufe. In ban zo wurin bayina ba, ina za ni?" Ban taɓa jin tausayin mutum kamar lokacin ba. Yaya Ari ya sunkuyar da kai.

Abin da na kasa da shafi huɗu, Iya ta gama kafin jaki ya huta. Shanu za su koma fadama kwana goma. Rijiyar ƙauye tasu ce daga azahar zuwa la'asar. 'Ya'yan Arɗo za su kama yanka don a gama da wuri. Bayan nan kara nasu ne, shanu su kwana a gonar su bar taki.

Arɗo ya ce saura sharaɗi ɗaya: sai na zage shi. Na yi gyaran murya na ce, "Da izininka, kai bawa ne." Aka kwashe da dariya. Ya ce ba da izini ake yi ba. Sai na tuna da safe, raina ya ɗan ɓaci da gaske, na ce, "Marowaci, wanda ya mayar da nono bayan baƙo ya gani!" Ya tafa hannuna ya ce yanzu ya ga ɗan abokinsa.

A hanyar komawa Iya ta ce, "Ni na tsufa, shi ma ya tsufa. Ruwa na raguwa, masu zagin juna ma na raguwa. In mun tafi, wa zai zagi 'ya'yansa?"

Alhamis: Gida

Kafin na hau kabu-kabu na koma rugar na karɓi lambar Bello, babban ɗan Arɗo. Bakwai na bar Belbeji, sha biyu ina Sabon Kafi, biyar da rabi na yamma na yi sallama a gida, ƙugu na ciwo. Zara ta ce yaya majalisa. Na ce an yi nasara, amma shugabar tawaga a amalanke ta je. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Ilu direba da jakin Yaya, na kuma gode wa Iya.

Kwana tara bayan haka waya ta yi ƙara muna cin tuwo. Bello ne.

"Kai bawa," ya ce, "mun gama yanke maka geronka, kana birni kana kwance."

Na ajiye lomar, na gyara zama, na zage shi tun daga shanunsa har kakansa. Zara ta ce tunda ta aure ni ba ta taɓa ganin ina zagi ina share hawaye ba.