Ragar da ke Cikin Takalmin Baba

Ciwon suga ya kashe wa Baba ƙafa, har ta kai ko ƙusa ya taka ba ya ji. Likita ya ce a nema masa shimfiɗar takalmi mai taushi, domin idan gyambo ya buɗe a tafin ƙafar, ana iya rasa yatsa. Wata abokiyar aikina ta kwatanta mini wani shago a Sabon Gari, a saman masu sayar da kayan gyaran mota, inda wani injiniya ke zana kaya a kwamfuta, na'ura kuma ta ƙera su da roba.

Da muka je, bayan ya auna ƙafar Baba, sai ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Shimfiɗar ba curin roba ba ce. Cikinta raga ce, ƙananan ramuka hawa-hawa kamar saƙar zuma. Ya danna wani wuri, ragar ta yi sako-sako a ƙarƙashin diddige. Ya sake dannawa, ta matse a tsakiya.

"Hajiya, kin gani? Baba zai ji kamar a kan katifa yake tafiya."

"Ramukan nan fa?"

"Na shan iska ne. Haka ake yi a Turai."

Baba ya koma Fagge da abinsa yana murna. A ƙofar masallaci yake alwala, ya zura ƙafa a takalmi da danshinta, kamar kowa. Ga shi damina ta kankama, kwatar layinmu tana ambaliya.

Wari ne ya fara ba mu labari. Inna ta sa aka ɗaga kujerun falo, tana cewa ɓera ne ya mutu. Ni na gano daga takalmin yake fitowa. Na zaro shimfiɗar na matsa, baƙin ruwa ya tsiyayo kamar daga tsohon soson wanke-wanke. Da na tsaga ta da reza, kowane rami cike yake da yauƙi da ƙasa da ɓawon fata, ga ƙananan fararen tsutsotsi suna motsi. Na fita tsakar gida na yi amai. Da na dawo na ɗaga ƙafar Baba, ƙarƙashin babban yatsa ya riga ya buɗe, shi kuwa bai sani ba.

Na ƙulle shimfiɗar a leda na koma shagon. Injiniyan ya kwance ledar, ya toshe hanci.

"Kai, Hajiya! Ai ba a sa wannan da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Da safa ake sawa."

"Kai ba ka alwala ne?"

"Ina yi mana. Manhajar kwamfutar ce ba ta tambaya ba. Nauyi take tambaya, da tsawon ƙafa."

"Sai kwamfuta ta gaya maka ana salla a Kano?"

Ya juya ga kwamfutar. Ya buɗe zanen, ya fara nuna mini yadda zai rufe saman ramukan da ɓawo na roba, ragar tana juyi a fuskar kwamfutar, fara tas. Na bar masa ledar a kan teburinsa na sauko.

Likita ya kankare gyambon, ya hana ruwa taɓa ƙafar. Har damina ta wuce, kaka ta shigo, Baba yana shafa a kan bandeji idan zai yi alwala, yana salla a zaune a ɗakinsa. Ba a yanke yatsan ba.