Mai Darar da ke Cikin Wayar Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, manomin gyaɗa ne a Toranke, kuma a zamaninsa ba a cika samun wanda zai zauna gabansa a dara ya tashi da dariya ba. Da ciwon gwiwa ya rage masa fita dandali, sai wani mai gyaran waya a kasuwar Ajingi ya sa masa wasan dara a 'yar wayarsa mai madannai. Gidajen iri ɗaya ne da na ƙasa, ka jera uku ka ci ɗa guda. Abokin karawar ne kawai ba ka gani.

Ni a lokacin ina zama a shagon yayana a Gaya, ina buga wa mutane takardu da wata tsohuwar kwamfutar tebur mai ƙugi kamar injin markaɗe. Na yi difloma a Kano, inda aka ɗan koya mana rubuta manhaja da harshen Java, amma tun da na dawo gida ban sake waiwayarsa ba.

Wata ranar damina Kawu ya zo Gaya ganin likita, ya biyo shago ya fake wa ruwa. Ya zauna a benci yana ta danne-danne, yana tsaki. Can sai ya miƙo min wayar.

"Ke 'yar nan, ku da kuka yi karatun abin, wai wane ne a ciki? Sai ya yi ta cina, ya yi ta cina, sannan rana ɗaya ya yi wani sakarcin da ko yaro ba zai yi ba."

Na ce, "Kawu, ba kowa. Rubutu ne kawai wani ya yi."

"To karanta min."

Na zare katin wayar na sa a kwamfuta, na kwafe fayil ɗin wasan. Da na kwance shi sai na tarar da ƙananan fayiloli a ciki, na buɗe ɗaya da ƙarfin gwiwa. Abin da ya fito a allo ba rubutu ba ne, tarkace ne, akwatuna da alamomi kamar kaji sun bi ta kan tawada. Kawu ya leƙo ya ce, "Wannan ai ko ajamin mai makyarkyata ya fi shi kan gado." Ruwa ya ɗauke, ya hau babur ya tafi, ya bar ni da abin a rai.

Na san dalili. Mai manhaja yakan rubuta ta da kalmomin da mutum zai iya karantawa, sannan a niƙa rubutun ya koma umarnin da na'ura kaɗai ke ganewa. Niƙaƙƙen ne a hannuna. Abin da ban sani ba shi ne ko gari yana komawa tsaba. Da na bincika a intanet sai na ga ashe akwai manhajar da aikinta ke nan, sunanta dikomfaila: ka ba ta niƙaƙƙen, ta yi ƙoƙarin mayar maka da shi rubutu.

Sauke ta bai yi wuya ba, 'yar ƙarama ce. Na danna ta, shiru. Na sake dannawa, shiru. Sai daga baya na lura ita ma da Java aka rubuta ta, kuma kwamfutarmu ba ta da shi. Shi kuwa gingimeme ne. Na jona wayata da kwamfutar, na ɗora ta a kan taga inda sabis ya fi kamawa, in ya kai rabi sai ya yanke. Da ya sauka kuma ya ƙi hawa, wai na sababbin kwamfutoci ne, tamu ta tsufa. Na koma na lalubo tsohon samfuri. Yayana ya tsaya a kaina ya ce, "In kika kashe min kwamfuta saboda dara, ke za ki yi wa masu takardu bayani." Amma bai hana ni ba, har ma ya riƙa tambaya ko ta buɗe.

Ko da ya hau, da sauran rina a kaba. Na buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, na kira Java, ta ce ba ta san shi ba. Sai da na shiga saiti na rubuta mata folda ɗin da yake zaune, kamar mai yi wa baƙo kwatancen gida. Na sake kira, ta amsa. Na tayar da dikomfaila, na jawo fayil ɗin dara na jefa mata. Nan take jerin sunaye ya sauko a hagu, a dama kuma layukan rubutu irin waɗanda na bari a makaranta.

Ba duka ne ya dawo ba. Duk bayanin da marubucin ya yi wa kansa a gefe ya tafi a wajen niƙa, ƙananan sunaye kuma sun koma harafi da lamba marasa ma'ana. Amma sunayen manyan ayyukan suna nan, kuma da na karanta na farko sai da na matso da kujera. An rubuta jeraUku. Na ƙasa da shi ciDa, sai tareHanya. Ashe Bahaushe ne. Ban san dalilin da ya sa na ɗauka daga wata ƙasa mai nisa abin ya zo ba.

Na ɗauki kwanaki ina bin sa, tsakanin mai son a buga masa takardar neman aiki da mai katin biki. Na gano dabarar wasan ba ta da yawa, haƙuri ne da shi. Kafin ya motsa, sai ya gwada kowane motsi a ransa, ya gwada duk amsar da za ka iya bayarwa, ya zaɓi wanda ya fi masa. Ba ya gajiya, ba ya mantuwa, shi ke nan.

A can ƙasa na ci karo da wani aiki mai suna kyaleShi. Layukansa kaɗan ne. Wasan yana riƙe da yawan cin da ya yi maka a jere. In ya kai uku, a wasa na gaba sai ya daina hangen gaba, ya riƙa jefa 'ya'yansa duk inda hannu ya faɗa. Na yi dariya ni kaɗai har mai shagon kusa ta leƙo. Daga baya kuma dariyar ta tsaya, don na tuna wanda zan kai wa labarin.

Ranar kasuwar Ajingi na shiga mota, na ƙarasa Toranke a babur. Na sami Kawu a zaure yana gyaran buhu. Bayan gaisuwa na faɗa masa marubucin Bahaushe ne, ya ji daɗi ƙwarai. Na faɗa masa yadda wasan yake hange, ya gyaɗa kai. 

"Saura sakarcin," in ji shi.

"Kawu, ba sakarci ba ne. Ƙyale ka yake yi."

Ya ajiye basillar ya dube ni. "Wato duk cin da na yi masa sadaka ce?"

"Ban ce duka ba."

"Cire min shi."

Na gwada, Allah ya sani. Na goge layukan, amma mayar da rubutun ya sake zama wasan da waya za ta karɓa ya fi ƙarfina, kurakurai suka yi ta fitowa ja-ja-ja a allo. Sai dai garin dube-duben na lura da wani abu: wasan ba ya ajiye wancan ƙirgen. Duk sanda aka rufe shi aka buɗe, daga farko yake somawa. Na kira Kawu na gaya masa.

Tun daga nan, in aka ci shi sau biyu sai ya rufe wasan ya sake buɗewa, don kada a tausaya masa. Matarsa ta ce min har da faɗa yake yi wa wayar, yana cewa, "Riƙe alherinka." Sai bayan an cire gyaɗa ya kira ni da hantsi, ko sallama bai gama ba ya ce ya ci, kuma a wasan farko. Na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce tarkon da ya fi hangen yaron, wato wasan, tsawo ya ɗana masa, ya ba shi 'ya'ya biyu a banza, yaron ya bi kwaɗayi. Daga nan ya shiga jero min motsin ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na maƙale wayar a kafaɗa ina saurare, ina ƙarasa buga wa wata malamar Islamiyya tambayoyin jarrabawa.